"Mai Kare" ko "Uban Kare"? Nazarin Laƙabin Masu Karnuka a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

A Amurka da Ingila, mai kiwon kare kan kira kansa uban karen, mace kuma ta kira kanta uwarsa, don nuna ƙauna. Wannan salon magana ya fara iso wa Bahaushe ta finafinai da kafafen sada zumunta, har ya zama matsala ga mai fassara. Wannan maƙala ta dubi yadda masu karnuka ke ambaton kansu a Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, da dalilin da ya sa laƙabin dangantakar jini bai samu gurbi ba.

Matsayin Kare a Yankin

Gaya tsohon gari ne, wanda tarihin baka ya nuna daga nan Abagayawa maƙera suka tashi zuwa Dutsen Dala. Tun shekarar 2024, ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu ne suka haɗu suka zama Masarautar Gaya. Akasarin mazauna ƙauyukan manoma ne da makiyaya, kuma da rani, bayan an kawar da amfanin gona, akan fita farauta da karnuka. Saboda haka kare a nan abokin aiki ne: yana gadi, yana bin garke, yana korar zomo. Wannan ya dace da abin da littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya tanada a mazhabar Malikiyya, wato a riƙi kare don tsaron shuka, ko dabbobi, ko farautar neman abinci.

Laƙuban da Ake Amfani da Su

Hanya ta farko ita ce ta mallaka. Mutum "mai kare" ne, jam'i "masu karnuka", shi kuwa yakan ce "karena". Ta biyu ita ce ta sana'a: "mafarauci" ko "ɗan farauta", har zuwa sarautu irin su Sarkin Dawa da Sarkin Baka. Ta uku ita ce "ubangida", wadda ke ɗora dangantakar a kan ma'aunin maigida da yaronsa: ɗaya ya ciyar, ɗaya ya yi hidima.

Abin lura shi ne, Hausa ba ta ƙyamar faɗaɗa ma'anar "uba" da "uwa". Akwai uban tafiya, da uban ƙasa, da uwar ɗaki, da uwar biki. Ke nan ba nahawu ne ya hana a ce "uban kare" ba, ma'anar da al'ada ta ɗora wa kalmar "kare" ce.

Dalilin Ƙin Laƙabin Jini

Zagin Bahaushe mafi zafi kan bi ta kan iyaye. "Ɗan kare" zagi ne, domin ya mayar da mahaifin mutum kare. Idan aka juya aka ce "uban kare", lissafin bai sauya ba, tunda kare ne ke haifar kare. Lamarin ya fi muni ga mace, domin uwar kare ita ce karya, kalmar da ake jifan mace da ita don a ci mutuncinta. A wurin da "ɗan kare" ya rasa dafinsa, kamar a "ɗan karen kyau" ko "ɗan karen tsada", ya riga ya zama kalmar ƙarfafawa, babu sauran dabba a cikinsa.

Lakoff da Johnson sun nuna a 1980 cewa siffantawa na tsara tunanin al'umma. Bature ya siffanta karensa da ɗa, Bahaushe ya siffanta nasa da bara ko abokin fama.

Inda Ƙaunar Take

Rashin laƙabin jini ba ya nufin rashin ƙauna. Mafarauci kan raɗa wa karensa suna na jarumta ko na launi, kamar Zaki ko Duna, ya yi masa kirari, ya ba shi rabonsa daga abin da aka kamo. Karin maganar nan, "karen bana shi ke maganin zomon bana", yabo ne ga ƙwarewar kare. Ƙaunar tana bayyana ne a sunan da aka ba dabbar, ba a sunan da mai ita ya ba kansa ba.

Kammalawa

Mai fassarar da ya kawo laƙabin Turawa kalma da kalma zai mayar da ƙauna zagi. "Mai kare" ko "ubangidan kare" su ne daidai da kunnen Bagayi. Tattara sunayen karnukan farauta da kirarinsu daga bakin dattawan mafarauta aiki ne da ke jiran manazarta.