Ko Ka Sani? Gurbin da Rumbun Bayanai Ba Ya Ba Kowa

Ko ka san cewa rumbun bayanai, komai cikarsa, yana ɓoye gurbi ɗaya da ba ya ba kowa? Ɗauki MySQL, manhajar da miliyoyin shafukan intanet ke zuba bayanansu a cikinta. Idan aka girka ta ba a taɓa saitinta ba, haɗi 151 kaɗai take karɓa a lokaci guda. Duk wanda ya zo bayan haka sai ta mayar da shi da lambar kuskure 1040, wato masu shiga sun yi yawa. Amma ba ta cika ɗin ba. Akwai gurbi na 152 a ajiye, kuma na mutum ɗaya ne: mai kula da rumbun, wanda zai shigo ya ga abin da ya cushe.

Wannan dabara tana burge ni ƙwarai. Ka duba motar Shinkafi a tashar Kaura Namoda ranar Alhamis, ranar kasuwa. A cika ta maƙil, kaya har saman rufi, amma kujerar direba ba ta shiga lissafin kamasho, don in aka sayar da ita babu mai zuwa ko'ina. Waɗanda suka rubuta manhajar sun hango ranar da komai zai cunkushe, suka ga cewa a ranar ce aka fi bukatar mai gyara, kuma a ranar ce zai fi rasa hanyar shiga. Ba don gurbin nan ba, sai dai a kashe na'urar a sake kunnawa, duk aikin da ke kan hanya ya watse.

Me ya sa 151, ba 150 ba? Da can 100 ne. An ɗaga shi don ya dace da Apache, manhajar da ke miƙa shafuka ga masu buɗewa, wadda a saitinta na wancan lokacin take sallamar mutum 150 a tare, sai aka ɗora ɗaya a kai. PostgreSQL, kishiyar MySQL, ta fi ta tanadi: gurbi 100 take da shi, uku daga ciki na masu kula ne. Ita ma MySQL ba ta tsaya nan ba. A shekarar 2019 ta ƙara ƙofa ta daban, mai lamba 33062, ta masu gyara zalla, banda ƙofar kowa da kowa mai lamba 3306.

Shafin da kake gani a waya ba ya riƙe komai. Ɗalibi ya zauna a shagon intanet a Kaura zai yi rajista, ya danna, sai manhajar da aka gina shafin da ita, Laravel ce ko Django, ta ruga rumbu da abu huɗu: adireshi, lambar ƙofa, suna da kalmar sirri. Ɗaya ya kuskure, shafi ya tsaya, mai shago ya ce "netwok ne".

Mutanen Zamfara kuwa sun san rashin netwok na gaskiya. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar musu. A Zurmi da Shinkafi masu POS sun ajiye na'urorinsu, don hanyar ce kanta aka datse. To amma in WhatsApp na shiga, bidiyo na buɗewa, shafi ɗaya ne tak ya ƙi, to hanya lafiyarta lau. Matsalar tana can bakin rumbu, kuma rumbun yana faɗin abin da ke damunsa da lamba. Lamba 2003 na nufin ba a ma same shi ba: ko a kashe yake, ko adireshin ba daidai ba ne. 1045 na nufin an same shi, amma suna ko kalmar sirri ba su yi ba. 2006 kuwa ya fi su ban sha'awa. MySQL na tsinke duk haɗin da ya yi daƙiƙa 28,800 shiru, awa takwas cif. Shi ya sa za ka ga shafin ofis ya yini lafiya, an tashi an kwana, wanda ya fara dannawa da safe shi ke cin karo da wannan kuskuren, na biyu ya wuce sumul.

Mu koma ga gurbinmu. Mai gyara ya shiga ta nan, ya rubuta SHOW PROCESSLIST, sai jerin duk masu zaune ya bayyana, kowa da abin da yake yi da daƙiƙoƙin da ya shafe. Sau da yawa abin da zai tarar shi ne mafi yawansu barci suke: shafi ya buɗe haɗi, ya gama buƙatarsa, ya manta bai rufe ba. Ko kuma tambaya ɗaya mai nauyi ta riƙe tebur, sauran duk sun yi layi a bayanta. Ya kori wannan ɗin da umarnin KILL, nan take layi ya motsa.

Wasu da zarar sun ga 1040 sai su mayar da 151 ya koma dubu biyar. A ganina wannan gudun gyara ne. Kowane haɗi na cin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma yawan gurbi ba ya ƙara mata ƙarfi. Injiniyoyin Oracle sun taɓa nuna haka a wani gwaji: sun rage haɗi daga 2048 zuwa 96, lokacin amsa ya faɗo daga kusan millisakan 100 zuwa kusan 2. Ƙaramin rukunin haɗi da ake aro ana mayarwa ya fi dubbai masu turereniya sauri. Oracle ɗin ce ma ke da MySQL tun 2010. Michael Widenius, ɗan ƙasar Finlan da ya fito da ita da abokansa a 1995, ya ware a 2009 ya kafa MariaDB, wadda Wikipedia ke zaune a kanta, har da ta Hausa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɓarnatar da gurbin nan. Manhajar ba ta san fuska ba, izini ta sani. Duk wanda ya shigo da asusu mai cikakken iko, irin root, to a wurinta mai gyara ne. Matashi ya gina wa makaranta ko kantin magani shafi, don sauri sai ya sa wa shafin asusun root. Ranar da jama'a suka yi yawa, shafin ya cinye 151, ya haɗa da na 152, mai gyara ya zo ya tarar babu wurin sa ƙafa.

Don haka ɗaliban kwamfuta na Kaura Namoda da duk mai gina wa mutane shafi a Shinkafi ko Zurmi, ku buɗe fayil ɗin saitinku yau ku duba sunan da ke ciki. In root ne, ku buɗe wa shafin asusunsa na kansa mai taƙaitaccen izini, ku bar wancan a hannun mai gyara.