Kanta a Gareji: Abin da Ke Cinye Ribar Masu Motocin Dakon Kaya

Tsakanin tirela da a-kori-kura akwai motar da ba a cika maganarta ba, alhali a kanta cinikin yau da kullum na Arewa yake tafiya. Kanta ce, da Isuzu, da tsofaffin Marsandi irin su 814. Su ke kwaso masara daga Saminaka zuwa Dawanau, su ɗauko tumatir daga Kadawa, su raba kayan masarufin Singa a kasuwannin ƙauye inda tirela ba ta iya juyawa. A 'yan shekarun nan duk mai irin wannan mota kukansa ɗaya ne: kwanakin gareji sun ƙaru, kuma abin da aka samo a hanya a wajen gyara yake ƙarewa.

Dalili na farko a fili yake. Kusan duk abin da ke jikin motar nan daga waje ake kawo shi, daga fistin da ringi har taya. Kafin Babban Banki ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance a wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba shi da yadda zai yi, domin shi ma a Ladipo ko Nnewi yake saro kaya, su kuma can da dala suke biya. Ko kayan Beljiyam, waɗanda a da su ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, yanzu sai an yi shawara kafin a taya.

Sai dai ni a ganina tsadar kayan gyara rabin labarin ce. Abin da ya fi damuna shi ne yawan lalacewar da kanta, kuma tushenta yana wajen gas. Man gas ba shi da tallafi tun da daɗewa. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300, kafin ƙarshen shekarar ta wuce 800, zuwa ƙarshen 2023 ta haura 1,000. Kuɗin dako bai tashi daidai da haka ba, saboda mai kaya yana da wasu motocin da zai kira. To da me direba zai cike giɓin? Da lodi. Motar da aka ƙera don tan 4, wato buhu 40 mai kilo 100, sai a yi mata tsiri har sama, a ƙara sifirin a wajen mai walda don kada ta zauna. Ƙarin sifirin yana hana ido ganin nauyin, amma bai rage wa kulochi da giya da birki komai ba. Kulochi yana ƙonewa a wajen tashi, haƙoran giya suna cinyewa, birki yana zafi a gangara har ya daina kamawa. Idan aka haɗa da ramukan hanyoyin ƙauye da damina, shasi ma tsagewa yake yi. Kuɗin buhunan da aka ƙara sau da yawa ba ya biyan abin da ya karya.

Daga nan sai tsumulmular sabis. Mai mota ya ga kuɗin baƙin mai, ya ce wa direba a ƙara sati biyu kafin juye. Matatar iska kuwa, maimakon a sauya, sai a busa ta da iskar mai faci a mayar. A ƙasar da ƙurar hunturu ke yin watanni tana sauka, wannan ganganci ne: ƙurar da ta ratsa mataci kai tsaye cikin silinda take shiga, ta yi ta cin ringi a hankali. Alamar farko hayaƙi ne da shan baƙin mai, ta ƙarshe injin ya buga. A lokacin maganar ta tashi daga ɗan kuɗin mataci ta koma sauke inji, gurza karanshaf, ko neman wani injin gaba ɗaya. Haka lagireto mai yoyo da ake ta ɗura wa ruwan rijiya; wata rana zafi zai ƙona gasket, ya lanƙwasa kan injin. Jabun baƙin mai da jabun mataci da suka cika kasuwa suna ƙara dagula lamarin, domin ko mai niyyar kula da motarsa bai tsira ba.

Akwai wani sauyi da bai bayyana sosai ba tukuna, amma yana tafe. Tsofaffin injina masu famfon mai na ƙarfe, waɗanda kowane bakanike ya san cikinsu, suna ƙarewa a Turai. Abin da ake shigowa da shi yanzu injina ne masu kwamfuta, waɗanda nozul ɗinsu ke fesa mai da matsi mai tsanani, aka kuma ƙera su don gas mai tsabta. A Turai tun 2009 sinadarin salfa a cikin gas ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Najeriya ta daɗe tana amincewa da har 3,000, kuma sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Ga kuma gas ɗin 'yan bumburutu da ake gaurayawa da kananzir ko ruwa ya shiga. Irin wannan inji ba ya yafiya: ɗan ruwa kaɗan ya isa ya kashe nozul, kuma nozul ɗinsa ba a gyara shi da guduma da sukundireba.

Nan ne nake ganin ana zaluntar makanikai idan aka ɗora musu laifin duka. Yawancinsu a hannun maigida suka koyi aiki, a kan injin da ake gane ciwonsa da kunne. Yau an kawo musu motar da sai an jona na'ura take faɗin abin da ke damunta, ba su da na'urar, ba wanda ya koya musu. Sai a koma canke: a sauya wannan, bai yi ba, a sauya wancan, mai mota yana biya. Gaskiya akwai masu ha'inci a cikinsu, amma rashin kayan aiki ya fi ha'inci cin kuɗin mutane. Abin takaici, ƙasar nan ta taɓa samun wuraren da ake haɗa manyan motoci ana horar da ma'aikata: ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauci, NTM a nan Kano. Da suka ja baya, wannan hanyar koyon ta tsuke.

Asarar ba a kan mai mota kaɗai take tsayawa ba. Direba da yaron mota ba su da komai ranar da mota ke kwance. Manomin da kwandunan tumatirinsa suka kwana biyu a gefen hanyar Zariya ana jiran kayan gyara ya yi asarar da ba mai biyansa. Mai dakon da ya tsira kuma dole ya saka kuɗin gyaran gobe a cikin kuɗin dakon yau, wannan kuwa a kan mudun mai cefane yake sauka. Mafi muni shi ne birki da taya. Tayar gwanjo da ta gama shekarunta a wata ƙasa, a ƙarƙashin lodin da ya wuce kima, a kan kwalta mai zafin watan Afrilu, fashewa take yi, kuma sau da yawa akwai 'yan kasuwa zaune a saman buhunan.