Zuciya Kan Riga Ƙafa Shiryawa: Sabon Shiga a Tseren Taimakon Jama'a

Gabatarwa

Ran 29 ga watan Maris na 1981 aka yi tseren fanfalaki na birnin Landan karo na farko, inda mutum 6,255 suka kai ƙarshen hanya. Chris Brasher da John Disley da suka assasa shi tsofaffin gwanayen gudu ne, amma mafi yawan masu shigarsa a yau ba gwanaye ba ne. Malaman makaranta ne da direbobi da ma'aikatan jinya, da yawansu sun ɗauki alkawarin gudun kilomita 42.195 domin 'yan uwa da abokan arziki su ba da gudummawa ga asibiti ko gidan marayu ko binciken cutar daji. Ya zuwa 2019, abin da aka tara ta wannan hanya a tseren Landan ya zarce fam miliyan 1,000.

Tseren kan titi na gama-gari bai tsaya a Turai ba. A 2001 Haile Gebrselassie ya jagoranci kafa na kilomita 10 a Addis Ababa, Legas kuma ta soma nata na shekara-shekara a 2016. Sai dai duk inda aka yi shi, matsalar sabon shiga ɗaya ce. Ya yi alkawari, an tsayar da rana, mutane sun soma ba da kuɗi, alhali kuwa jikinsa bai san da wannan rana ba. Masana ilimin halittu sun gano cewa sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci guda. Wasu kan shirya cikin kwanaki, wasu cikin makonni, wasu kuwa sai an yi watanni. Rashin sanin wannan ne ke kai masu kyakkyawar niyya ɗakin likita tun ranar tsere ba ta zo ba.

Jini da zuciya da tsoka

Idan mutum yana zaune, zuciyarsa kan harba jini kimanin lita 5 a minti guda. Idan yana gudu da ƙarfi, adadin kan haura lita 20, domin tsokokin ƙafa na neman iskar oksijin ninkin-ba-ninkin. Wanda bai saba ba kan ji numfashinsa na sarƙewa tun bai yi minti uku ba, amma wannan wahala ba ta daɗewa. Cikin 'yan kwanaki ruwan jini kan ƙaru, sai zuciya ta riƙa cika sosai, tana tura jini mai yawa a kowane bugu. Dalilin ke nan da ya sa bugun zuciyar mai horo kan ragu idan yana hutawa.

A cikin tsoka ma ana samun sauyi. A 1967 masanin nan na Amurka, John Holloszy, ya nuna cewa ɓerayen da aka horar da gudu sun sami ƙaruwar mitokondiriya a tsokokinsu, watau ƙananan sassan nan na ƙwayar halitta da ke ƙona abinci da oksijin su samar da ƙarfi. Daga baya an tabbatar da haka ga 'yan Adam. Bugu da ƙari, siraran hanyoyin jini kan ƙaru a kewayen zaren tsoka. Bayan mako huɗu zuwa shida, mutumin da a da yake haki a bakin layinsu zai iske yana sassarfa mai nisa ba tare da ya galabaita ba.

Jijiya da ƙashi

A daidai wannan lokaci na jin daɗi ne haɗari ke kunno kai. Duk sa'ad da ƙafar mai gudu ta dira ƙasa, takan ɗauki nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Ga mai nauyin kilo 70, wannan daidai yake da kilo 140 zuwa 210, kuma mai sassarfa kan yi taku kusan 1,000 a kowace kilomita. Masu karɓar wannan duka su ne ƙasusuwa da gaɓoɓi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, irin su agara da ke bayan diddige.

Jini ba ya wadatar waɗannan jijiyoyi kamar yadda yake wadatar tsoka, saboda haka ƙarfafarsu kan ɗauki watanni. Ƙashi ma haka. Tun 1892 likitan nan na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi kan sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake aza masa. Amma ginin kan fara ne da rusau. Wasu ƙwayoyin halitta kan cinye tsohon ƙashi tukuna, sa'an nan wasu su biyo su cike gurbin da sabo, aikin da kan ci wata uku zuwa huɗu. A tsakani, ƙashin na da rauni. Idan mai horo ya biye wa zuciyarsa da ta riga ta shirya, ya ninka nisan gudunsa cikin mako guda, sai ciwon ƙwauri ko na gwiwa ko kumburin agara ya bayyana, wani lokaci har ƙashi ya yi ƙaramar tsagewa.

Wajibi ne a bambance ciwo iri biyu. Tsamin jiki da kan zo bayan kwana ɗaya zuwa uku da yin gudu, ya kama cinyoyi duka biyu, ƙananan yagewa ne a zaren tsoka, kuma yakan wuce da kansa. Amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana kuma ƙaruwa idan ana gudu, alama ce ta a dakata a ga likita.

Yadda ake tsara horo

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. A 1996 wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya fito da tsarin mako tara na kai wanda bai taɓa gudu ba ga kilomita 5, daga baya hukumar lafiya ta Biritaniya ta rungume shi. Ana fita sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A makon farko mutum kan yi sassarfa ta minti ɗaya, ya yi tafiya ta minti ɗaya da rabi, ya yi ta maimaitawa. Sannu a hankali sassarfa na ƙaruwa tafiya na raguwa, har ya iya yin minti 30 bai tsaya ba. Ranar hutun nan ba lalaci ba ce, domin a cikinta ne jiki ke gyara abin da gudu ya ɓata.

Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: idan mutum ba ya iya yin magana da abokin gudunsa, to saurin ya yi yawa. Ya fi dacewa sabon shiga ya fara da tseren kilomita 5 ko 10. Dogon tsere yana da wata matsala ta daban. Jiki kan ajiye sukari a matsayin gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta da giram 400 a tsoka. Wannan guzuri kan ƙare wajen kilomita 30, sai jiki ya dogara ga kitse wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri, ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Horo mai tsawo ne ke koya wa tsoka yin tattalin wannan guzuri.

Zafi da ruwa

Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke samarwa zafi yake zama, gumi kuma shi ne babbar hanyar fitar da shi. Mai gudu cikin zafi kan yi asarar lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda. Idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, mutum ya soma ruɗewa ko tangaɗi, to rai na cikin haɗari, sai a gaggauta sanyaya shi da ruwa a nemi likita. Jiki kan saba da aiki cikin zafi a kwana 10 zuwa 14. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, lokacin horo shi ne sassafe ko bayan rana ta yi sanyi.

Abin mamaki, yawan shan ruwa ma yana kisa. A tseren Boston na 2002 an auna jinin masu gudu 488, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin sodiyam ya ragu a jininsu. Matsalar ta fi kama waɗanda suka wuce sa'a huɗu a hanya, da waɗanda nauyinsu ya ƙaru saboda ruwan da suka ɗirka. Idan abin ya tsananta ƙwaƙwalwa kan kumbura. Sabon shiga ne ya fi daɗewa a hanya, ya fi kuma tsayawa a kowane teburin ruwa. Shawarar masana ita ce a sha idan an ji ƙishirwa.

Game da zuciya kuwa, binciken da aka buga a 2012 ya duba masu dogon tsere miliyan 10.9 a Amurka daga 2000 zuwa 2010, ya tarar zuciyar mutum 59 ce ta tsaya, yawancinsu maza. Haɗarin kaɗan ne, amma mai hawan jini ko ciwon sukari, ko mai jin ciwon ƙirji idan ya motsa jiki, ko wanda wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, lalle ya ga likita kafin ya fara.

Ranar tsere

A makon ƙarshe rage gudu ake yi, domin tsoka ta warke ta cika rumbunta. Ranar tsere ba ranar gwada sabon takalmi ko baƙon abinci ba ce. Babban tarko shi ne farkon hanya, inda sowar jama'a ke sa sabon shiga ya zura a guje, ya ƙone guzurinsa tun da wuri. Babu abin kunya a haɗa gudu da tafiya, domin waɗanda suka ba da gudummawa ba minti suke ƙirgawa ba.

Kammalawa

Duk mai tunanin shiga irin wannan tsere zai amfana da tarihin Terry Fox na ƙasar Kanada. An yanke masa ƙafar dama a 1977 saboda cutar dajin ƙashi. A 1980, yana ɗan shekara 21, ya tasam ma ratsa ƙasarsa da ƙafar roba domin tara kuɗin bincike, ya yi kilomita 5,373 cikin kwana 143 kafin cutar ta kama huhunsa. Ya rasu a 1981, kuma tun daga shekarar ake yin gudu da sunansa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, kafin ya taka hanya ya shafe fiye da shekara guda yana horo, ya yi gudun sama da kilomita 5,000. Sabon shiga da ya tsayar da ranar tsere gwargwadon watannin da ƙashi da jijiya ke bukata, shi ne zai cika alkawarinsa, ya kuma dawo baɗi da ƙafafunsa lafiya.