'Yan Sikawut da Iyayen Yara a Rigasa

Duk wanda ya tashi a Rigasa ya san 'yan agaji. Su ne masu kaki da ke daidaita sahu a filin Idi, su tsare hanya ranar wa'azi, su ɗauki wanda ya yanke jiki ya faɗi. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, tana da nata, haka ma Izala da Fityanul Islam. Shi ya sa idan yaro ya dawo daga makaranta ya ce yana son shiga sikawut, abin da ke fara faɗo wa mahaifinsa a rai shi ne fareti da usur. Ana yin su kuwa, amma ba su ne ƙashin bayan abin ba.

Wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, shi ya assasa harkar. A 1907 ya kai yara 20 tsibirin Brownsea suka yi sansani, ya kasa su gida huɗu, kowane rukuni ya ɗora masa shugaba daga cikin yaran. Harkar ta iso Najeriya a 1915, ƙasar kuma ta shiga ƙungiyar sikawut ta duniya a 1961.

Wancan kason da aka yi wa yara a Brownsea shi ne sirrin abin har gobe. Runduna takan kasu rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas a kowanne. Shugaban rukuni yaro ne ɗan'uwansu. Shi zai san wanda bai zo ba da dalilinsa, shi zai raba aiki: wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya hura wuta, wani ya kafa tanti. Malamin runduna yana gefe, ya zuba ido, ba ya tsoma baki sai ya ga haɗari. Shinkafa za ta iya caɓewa, a bar su su ci abinsu, gobe sa gyara. A unguwa mai cunkoso irin Rigasa, inda aji ɗaya kan cika maƙil har malami ya kasa riƙe sunayen ɗalibansa, ba ƙaramin abu ba ne yaro ya sami wurin da aka san shi, aka kuma damƙa masa amanar wasu.

Koyarwar ta hannu ce: ƙullin igiya, gane gabas da yamma, taimakon gaggawa. Ƙyallen nan da suke ɗaurawa a wuya ma ba ado kaɗai ba ne. Idan wani ya karye, da shi ake rataye masa hannu kafin a kai shi asibiti.

Karɓar sabon yaro kuwa daga gidansu take farawa. Malamin da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa a kan takardar izini da aka sa wa hannu. Yakan je ƙofar gida bayan La'asar, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma. Tambayoyin uba ba su da yawa. "Malam, yaya batun salla? Ba za ta ci masa lokacin Islamiyya ba? Nawa ne kuɗin kaki? In za a kwana a waje, a ina, kuma wa zai tsaya a kansu?" Ta ƙarshen ta fi nauyi a Kaduna ta yau, kuma hakkin uba ne a faɗa masa sunan wurin da na manyan da za su raka yaran. Game da kaki, abin da ya dace shi ne a bar yaro ya fara zuwa da kayan gida, kada rashin kuɗi ya kore shi.

Akwai al'ada ɗaya da sai an yi wa iyaye bayaninta tun da wuri. 'Yan sikawut da hannun hagu suke gaisawa da juna, wai don shi ya fi kusa da zuciya. Bahaushe kuwa miƙa hagu rashin ladabi ne a wurinsa. Dole yaro ya san wannan gaisuwa a tsakaninsu kawai take, ba a kai ta gaban dattijo.

Bayan 'yan makonni, idan ya haddace dokoki, sai a sa ranar alkawari, a gayyaci iyaye. Zai tsaya gaban runduna, ya ɗaga yatsu uku, ya yi alkawarin sauke hakkin Allah da na ƙasa, da taimakon mutane, da bin dokar sikawut. Daga nan a ɗaura masa ƙyalle, shugaban rukuninsa ya zo ya ja shi cikin sahu.