Zoɓo, Gilashin Waya da Wutar Sola: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya shiga Maigatari bayan kaka ya ga buhunan zoɓo jibge, ana lodi zuwa Kano da Legas, wasu har Meziko. Jan launin nan da ke rine yatsun mai jiƙa zoɓo yana iya kama hasken rana ya mai da shi lantarki, kodayake kaɗan ne.

Don gane yadda haka ke faruwa, mu fara daga tushe: tagulla na barin wutar lantarki ta wuce, roba na tare ta. Tsakaninsu akwai abin da ke buɗe mata hanya ko ya rufe gwargwadon yadda aka sarrafa shi. Shi ne ƙashin bayan waya da faifan sola, kuma galibi silikon ne da ake tacewa daga farin dutse. A 1977 Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa wata irin roba ma tana barin wuta ta wuce in an sa mata aidin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. A 1987 kuma Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka haɗa shimfiɗar da ke ba da haske da kanta, wato OLED da ke fuskar wayoyi masu tsada.

Shimfiɗar ta fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, shi ya sa ake samun waya mai naɗewa. Sai dai ba ta shiri da iska da danshi ko kaɗan. Waya ta faɗi, gilashi ya ɗan tsage, yau ka ga ɗigon baƙi kamar ƙwayar gero, jibi ya cinye rabin fuskar. Mai gyara a Gumel in ya ce sai dai a canja, ba cutarka zai yi ba.

To, ina zoɓo ya shigo? A 1991 Michael Grätzel da Brian O'Regan suka fito da ƙwayar sola wadda rini ke kama mata haske. Masu bincike a jami'o'inmu sun gwada ta da ruwan zoɓo da lalle, ta kuwa kawo wuta. Amma yawanci ba ta mai da ko kashi 1 cikin 100 na hasken ya zama lantarki, alhali faifan silikon na ba da wajen kashi 20, yana kuma shekara 25 yana aiki. Rinin zoɓo kuwa koɗewa yake a rana, kamar atamfar da aka manta a igiya.

Don haka mai haƙa rijiyar burtsatse a Gagarawa ko Sule Tankarkar in zai sa mata sola, ya sayi faifan silikon, hankalinsa kwance. Abin da nake fata shi ne a riƙa kawo ƙwayoyin sola masu rinin nan gwaji ƙasar Gumel, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke lulluɓe faifai cikin 'yan kwanaki. Malamai da ɗaliban kimiyya na Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Tarayya ta Dutse za su iya ɗora su a rufin kwano, su riƙa auna wutarsu daga bazara zuwa bazara.