Daga Kano zuwa Legas: Lissafin Mai, Abinci da Gyangyaɗi

Tafiyar mota daga Kano zuwa Legas ta haura kilomita 1,000. Wanda ya kama ta shi kaɗai ba shi da mai karɓarsa tuƙi, ba shi kuma da mai zungurarsa in ya fara gyangyaɗi. Tankin mota da cikin direba da idonsa, kowanne yana da lokacin da zai tilasta a tsaya, gwaninta kuwa ita ce a haɗa bukatunsu a zango ɗaya.

Tsohuwar hanya takan bi ta Kaduna da Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta faɗa Ilori da Ibadan. Rashin tsaro a dajin Birnin Gwari ya sa masu ƙananan motoci da yawa sun koma bin Abuja da Lokoja da Okene da Akure. Wannan zaɓi shi ke yanke inda za a sha mai da inda za a kwana.

Lissafin mai ba shi da wuya. Motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100 tana bukatar fiye da lita 100 kafin ta isa, wato tanki mai cin lita 60 sai an cika shi sau biyu a ƙalla. Kwandishan da lodi da cunkoso suna ƙara mata sha. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, wannan kan sa wasu su ja tafiya har allura ta kwanta suna neman araha. Riba kaɗan ce, haɗarin kuwa babba: wanda mai ya ƙare masa a daji sai dai ya sayi na 'yan bumburutu, da tsada, kuma ba tabbas a kan ingancinsa. Abin da ya fi shi ne a ƙara mai a babban gari da zarar tanki ya sauko rabi. Ajiye jarkar fetur a but kuwa ganganci ne a irin zafin nan.

Abinci ne wurin da aka fi yin kuskure. Jikin mutum yakan yi sanyi da kansa bayan azahar, ko da bai ci komai ba. In aka ɗora masa malmalar tuwo ko sakwara da miya mai maiƙo, barci ba ya sallama. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta ba ƙananan motoci a babban titi, tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Rufe ido na daƙiƙa uku ya isa mota ta bar hannunta ta shiga gaban tirela. Don haka direba ya fi dacewa ya riƙa cin kaɗan-kaɗan: dabino, gyaɗa, ayaba, burodi da ƙwai, da ruwa isasshe. Wasu kan rage shan ruwa don gudun tsayawa fitsari, alhali ƙishirwa tana kawo ciwon kai da kasala, tsayawar ma kanta hutu ce. Babban cin abinci a bar shi sai an sauka masauki.

Goro da shayi da kofi suna taimakawa, amma sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su fara aiki, kuma jinkirta barci suke yi, ba sa biyan bashinsa. In hamma ta yawaita, ko direba ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu, sauke gilashi da ƙure rediyo ba sa magani. Sai ya shiga gidan mai ko wani wuri mai jama'a, ya kulle mota, ya runtsa na minti 15 zuwa 20. Ƙwayoyi irin su tiramadol kuwa ɓata hankali suke yi.

Shawarar masana kiyaye haɗura ita ce a huta bayan kowace awa biyu, kuma garuruwan hanyar Abuja sun kusan dacewa da haka: Zariya, Kaduna, Tafa, Gwagwalada, Lokoja. Musulmi matafiyi yana da sauƙin yin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, sai ya yi salla da shan mai da duba tayoyi a tsayawa ɗaya. Ruwan lagireto dai ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Yin tafiyar duka a yini ɗaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wanda ya bar Kano bayan asuba zai iya haye gadar Murtala Muhammad da ke Jamata ya isa Lokoja kafin magariba in hanya ta yi kyau, kusan kilomita 600 ke nan. Kwana a nan yana raba shi da tuƙin dare, lokacin da barci ya fi ƙarfi, fitilun manyan motoci na kashe ido, 'yan fashi kuma sun fi fitowa. Kashegari ya yi sammako, domin ya wuce babban titin Ibadan zuwa Legas kafin cunkoson yamma a mashigar birnin.