Benzin a Iskar Birni: Na'urar da Ba Ta Barci

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu je bakin wani titi a birnin Landan, inda wata na'ura ta yi shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin motoci ba dare ba rana, tana ƙirga wani sinadari da ake kira benzin. Daga can mu leƙa Amurka, sannan mu karkato gida. Sai a gyara zama.

(Kiɗa ya lafa)

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin mai ya shaƙi benzin, ko ya sani ko bai sani ba. Ruwa ne garau marar launi, mai ɗan ƙamshi, mai saurin bin iska. Yana cikin ɗanyen mai, yana cikin fetur, yana fita ta salansar mota da ta janareta, yana cikin hayaƙin taba da na itacen girki. Wani masanin kimiyya na Ingila, Michael Faraday, shi ya fara ware shi a 1825, daga ragowar man iskar gas ɗin da ake kunna fitilu da ita a Landan. Masana'antu suka rungume shi hannu bibbiyu, don yana narkar da roba da gam da fenti yadda ake so.

Sai da aka jima kafin a gane abin da yake yi wa jini. Idan mutum ya shaƙe shi, hanta ce ke sarrafa shi, abin da ta fitar kuma ya zarce cikin ɓargo, wato inda jiki ke ƙera jini. A birnin Istanbul na Turkiyya, wani likitan jini mai suna Muzaffer Aksoy ya lura cewa masu ɗinkin takalma da ke aiki da gam mai benzin a ƙananan shaguna marasa isasshiyar iska suna ta zuwa masa da sankarar jini. Abin da ya rubuta a shekarun 1970 yana cikin hujjojin da suka sa duniya ta farga. A yau hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa benzin a rukuni na 1, rukunin abubuwan da babu tantama suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙi faɗin wani adadi da za a ce shaƙarsa ba komai. Lissafi kawai ta bayar: idan mutane 100,000 suka ƙare rayuwarsu suna shaƙar iska mai maikirogiram 1.7 na benzin a kowace kubik mita, ana sa ran mutum ɗaya daga cikinsu zai kamu da sankarar jini saboda shi.

Maikirogiram kuwa giram ɗaya ne aka raba gida miliyan, aka ɗauki kashi guda. Tarayyar Turai ta kafa dokar cewa matsakaicin benzin a iskar gari na tsawon shekara kada ya wuce maikirogiram 5, ta kuma ba ƙasashenta wa'adin 2010. A 2024 ta sake tsuke dokar zuwa 3.4, wadda za ta fara aiki a 2030. Indiya ta ɗauki 5 tun 2009, Japan kuma tana kan 3.

To ga inda gizo ke saƙa. Hancin mutum ba ya jin warin benzin sai ya kai wajen ninki 1,000 na wancan ma'auni na 5. Ke nan kana iya zama a ƙofar shagonka shekara goma, iska ta yi maka daɗi, alhali ta zarce doka nesa ba kusa ba. Shi ya sa dole a nemi na'ura.

(Ƙarar motoci a kan titi)

Wannan titin Marylebone ke nan, a tsakiyar Landan, hanya mai layi shida da dubun-dubatar motoci ke bi kullum. Daura da gidan mutum-mutumin nan na Madame Tussauds, inda baƙi ke layin ɗaukar hoto, akwai wani ɗan ɗaki a bakin hanya da yawancin masu wucewa ba su ko kallonsa. Tun 1997 yake nan. A samansa akwai bakin bututu da ke zuƙo iska daga titi, a cikinsa kuma na'urori ne jere, kowace da sinadarin da take gadi.

Bari mu tsaya kan wadda ke auna benzin, don aikinta abin kallo ne. Famfo zai ja iska na wasu mintoci, ya bi da ita ta cikin wani ɗan tarko mai cike da gari na musamman da sinadarai ke maƙalewa a jikinsa. Iskar ta wuce, su kuwa su tsaya. Sai a ɗumama tarkon farat ɗaya, abin da ya kama ya tashi, a tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon mita da yawa da aka naɗe shi kamar gammo a cikin ɗan tanda. A nan ake rabuwa. Kowane sinadari da irin saurinsa a cikin bututun, don haka ba sa fitowa tare. Benzin ya riga fita, wani ɗan'uwansa mai suna toluwin ya biyo baya, sannan sauran danginsu. A bakin fita akwai ma'aunin da ke ganin kowanne yana wucewa, ya rubuta lokacin fitowarsa da yawansa. Lokacin fitowa ya nuna wane ne, girman alamar ya nuna nawa ne. Da an gama sai a sake sabon zagaye, kowace awa da adadinta, ranar aiki da ranar hutu.

Mai sauraro zai iya cewa, tunda dokar ta shekara ce, mene ne na wahalar awo kowace awa? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai hanya mai araha. Ana rataye ɗan bututu mai tsawon yatsa a jikin turken wuta, a bar shi mako biyu yana tsotsar iska da kansa, ba wuta ba famfo, sannan a kai shi ɗakin gwaje-gwaje. Zai ba ka adadi ɗaya na mako biyun nan. Yana da amfani ƙwarai, musamman idan kana son sanin wace unguwa ta fi wace. Amma ba zai gaya maka abin da ya faru ranar Talata da ƙarfe uku na dare ba.

Na'urar awa-awa ita ke faɗin wannan. Idan aka zana alƙalumanta, za ka ga tudu biyu a kowace rana, ɗaya da safe lokacin fita aiki, ɗaya da yamma lokacin tashi. Za ka ga daren sanyi marar iska ya fi ranar zafi muni, domin iska mai sanyi na kwanciya a ƙasa ta danne hayaƙi, ya rasa hanyar tashi sama. Har asalin gubar tana iya tona wa. A hayaƙin mota toluwin ya fi benzin yawa. A hayaƙin itace da ƙonar daji benzin ne ke rinjaye. Toluwin kuma yana lalacewa a iska cikin kamar kwana biyu, benzin kuwa yakan haura mako, saboda haka iskar da ta yi doguwar tafiya takan iso da ƙarancin toluwin. Mai karatun alƙaluman zai duba wannan, ya haɗa da inda iska ta kaɗo, ya ce wannan daga titi ne, wancan daga ma'ajiyar mai ta gabas. Ai ka ga magana ta tashi daga zargi ta koma shaida.

A ganina babban aikin da ɗakin nan na Marylebone ya yi shi ne auna gwamnati da kanta. Daga 1993 aka wajabta wa sababbin motocin fetur a Turai ɗaukar matatar hayaƙi a salansa. Ranar 1 ga Janairun 2000 aka rage benzin da aka yarda ya kasance cikin fetur daga kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 1. Doka a takarda kowa na iya rubutawa. Amma na'urar tana bakin titi kafin dokar ta 2000, tana nan bayanta, kuma alƙalumanta sun nuna benzin ya yi ƙasa ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Yau a wannan titi mai cunkoso abin da ake samu bai kai rabin ma'aunin 5 ba. Matatun mai sun kashe kuɗi, masu motoci sun biya, kuma akwai hujjar da za a nuna musu cewa kuɗin bai tafi a banza ba.

(Gajeren kiɗa)

Akwai kuma ranar da ba a jira matsakaicin shekara. A watan Maris na 2019 gobara ta tashi a wata ma'ajiyar sinadarai a garin Deer Park, kusa da Houston a jihar Texas ta Amurka. Tankuna suka yi kwanaki suna ci. Bayan an kashe wutar, mutane sun fara sakin jiki, sai na'urori suka nuna benzin ya tashi a iska. Ranar 21 ga wata hukumomi suka ce kowa ya shige gida ya rufe ƙofa da taga, aka rufe makarantu. Ido bai ga komai ba a safiyar nan, baƙin hayaƙin ma ya tafi. Da bututun mako biyu aka dogara da shi, da sakamakon ya iso bayan yara sun gama shaƙa.

Ba wai Amurkan ta raina ƙaramin bututun ba. Tun 2015 hukumar kare muhallinta ta wajabta wa matatun mai su zagaye katangarsu da irinsa, su riƙa sauyawa duk mako biyu, kuma idan matsakaicin shekara ya haura maikirogiram 9 dole su nemo inda ke yoyo su toshe. Kowace hanya da gurbinta.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, na'urar awa-awa ba kayan ajiye-ka-manta ba ce. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, tana son ɗaki mai sanyi daidai, tana son tulun gas mai sanannen adadin benzin da za a riƙa gwada ta da shi don kada ta fara ƙarya. Sama da duka tana son ma'aikacin da zai zo a kan kari ya duba ta. Sayen ta shi ne mai sauƙin. An sha ganin kayan aiki masu tsada a ƙasashe masu tasowa an yanka musu kirtani da biki, bayan wata shida ƙura ta rufe su don babu kuɗin gyara. Ƙananan na'urori masu araha da suka yaɗu yanzu, waɗanda ake duba sakamakonsu a waya, yawancinsu ƙura suke aunawa, benzin ya fi ƙarfinsu.

(Ƙarar janareta da hon ɗin Adaidaita Sahu)

Wannan ƙarar kuwa ba sai an gaya muku daga ina take ba. Najeriya ta riga ta ji sunan benzin. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma same shi a duk samfurin iskar da aka ɗauka. Can malalar ɗanyen mai ce. Mu a nan Arewa namu a tafin hannu yake.

Dubi ɗan bumburutu a bakin titi a Kano ko Maraɗi. Yaro ne, wani ma bai kai sha biyar ba. Ga galan-galan jere a rana, ga mazurari, ga tsumman tacewa. Ya sunkuya yana juye mai a tankin babur, fuskarsa a kan tururin, kuma haka zai yini. Idan mai ya ƙi zuba, ya sa tiyo a baki ya zuƙo. A garejin da ke gefe, makanike ya gama aiki ya wanke hannu da fetur, alhali benzin na ratsa fata. Motar da yake gyarawa 'yar Kwatano ce da ta zo da matatar hayaƙinta, wadda makanikai ke kira indomi, amma tuni aka fasa salansar aka cire ta aka sayar. Da magariba a kashe wuta, kowane shago ya tayar da janareta a bakin ƙofa, mai shayi na gefe, mai tsire na gefe, yara na karatun allo a tsallake. A lokacin hunturu, da iska ta kwanta, duk wannan hayaƙin a tsayin hancinmu yake kwana.

Abin da ya tilasta wa Turai gyara fetur ɗinta duk yana nan a titunanmu, kuma a wasu wuraren ya fi nasu kusa da huhun mutane. Ba a buƙatar na'ura a kowace unguwa. Ɗaya a babbar mahaɗa mai cunkoso, ɗaya a unguwar zama nesa da titi don kwatance, sai ƙananan bututu a tashoshin mota da kewayen defo-defo da matatun mai irin na Kaduna da Damagaram. Jami'o'inmu na da masana sinadarai da za su iya riƙe aikin idan aka ba su kuɗin gudanarwa na shekaru, ba na ranar buɗewa kaɗai ba.

Kira ga hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, da ma'aikatun muhalli na jihohi, da takwarorinsu na Nijar: ku auna, kuma abin da kuka auna ku kawo shi gidajen rediyo a karanta wa jama'a kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Kai kuma malam mai janareta, ka fitar da shi waje nesa da taga. Direba, ka kashe mota idan ana zuba maka mai, ka bar indomin motarka a inda ka same shi. Iyaye, a daina ajiye jarkar fetur a ɗakin da yara ke kwana. Makanike, sabulu da ruwa sun wadatar.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)